Marka Da Warin Tufafi A Garin Bauchi

Duk wanda ya taɓa yin damina a garin Bauchi ya san halin watan Agusta. Garin yakan sami ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma babu watan da ya kai wannan yawan ruwa. Marka takan kwana ta wuni, hadari ya rufe duwatsun da ke kewaye da garin, rana ba ta leƙowa sai jifa-jifa. A irin wannan lokaci uwargida a Jahun ko Wunti, da ɗalibi mai ɗaki ɗaya a Yelwa ko Gwallameji, da mai wanki da guga a bakin kasuwar Muda Lawal, duk abu ɗaya suke yi: su kwashe shanya daga tsakar gida su ɗaura igiya cikin ɗaki.

Daga nan ne matsala take farawa. Rigar da aka wanke tas da sabulu sai ta bushe da wani wari mai tsami. Magidanci ya sa babbar rigarsa ranar Juma'a, ya shiga sahu, da zarar gumi ya taɓa ta sai warin ya tashi, ya rasa inda zai sa kansa. Shi kuwa mai wanki abincinsa ne a ciki, domin wanda aka mayar wa shaddarsa tana wari ba ya sake kawowa.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan ruwan sama, ko su ce sabulun ne ba shi da kyau. Ba haka ba ne. A shekarar 2012 waɗansu masu bincike na kamfanin Kao a ƙasar Japan, inda shanya cikin ɗaki ta zama ruwan dare, suka nuna cewa wata ƙwayar cuta mai suna Moraxella osloensis ce babbar mai haddasa wannan wari. Wanki ba ya kashe ta duka. Takan maƙale cikin zaren tufa tana cin ragowar maiƙon jiki da dauɗa, muddin kuwa akwai laima sai ta yi ta hayayyafa tana fitar da abin da hanci ke ji. Wato abin lura shi ne tsawon lokacin da tufa ta yi tana jiƙe. Wadda ta bushe cikin 'yan sa'o'i ta tsira, wadda ta kwana biyu a kan igiya ta kamu.

Saboda haka maganin tun daga bakin baho yake farawa. Kada a jiƙa kaya a bar su su kwana, kada kuma a cusa rigar gumi ko jiƙaƙƙen tawul cikin kwandon wanki. Yawan garin sabulu ba shi ne tsabta ba, wanda bai fita wajen ɗauraya ba shi ke riƙe dauɗa. A ɗauraye sosai, a matse iyakar ƙarfi. Mai kauri kamar wandon makaranta a naɗe shi cikin busasshen tawul a murɗe.

Sai kuma shi ɗakin. Wankin iyali guda da aka matse da hannu yana ɗauke da ruwa fiye da lita 2, kuma ruwan nan iskar ɗaki zai koma. In an rufe ƙofa da taga don gudun sanyi ko sauro, iskar takan ƙoshi da laima har ta kasa karɓar ƙari, shanya ta tsaya cik, bango ya soma funfuna, wadda ke tayar wa mai asma da ciwonsa. A buɗe taga, a bar tazarar tafin hannu tsakanin tufa da tufa, a baza babbar riga kan igiya biyu maimakon a ninka ta kan ɗaya. In an kawo wuta a kunna fanka ta fuskanci kayan. Baranda ko zaure mai shan iska ya fi ƙuryar ɗaki nesa ba kusa ba.

A nan tilas mu taɓo maganar turaren wuta. Matanmu sun gwanance wajen ɗora tufafi kan kabbasa bisa kasko, ba kuwa mai musun daɗin ƙamshin. Amma turare a kan tufa mai sauran danshi lulluɓe wari kawai yake yi, zuwa azahar su biyun su gauraya. Abin da ya fi wannan muni shi ne kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don kaya su bushe. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, ta kuma sha kashe mutane cikin barci.

Tufar da ta riga ta kamu, sake wanke ta da ruwan sanyi ba ya fid da ita. Zafi take bukata. Farin yadi na auduga da tawul a jiƙa su kamar minti 20 cikin ruwan da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba ya iya jurewa. Atamfa da shadda mai rini, waɗanda ruwan zafi ke iya zubar musu da launi, sai a bi su da dutsen guga ciki da waje, musamman wuya da hammata da bakin aljihu inda ɗinki ya yi kauri. Bayan guga a rataye su su huce sarai kafin a ninke a sa cikin akwati.