Kwandalar Amurka: Inda "Mai Kyau" Ke Nufin Wadda Ta Sha Hannu

A shekarar 1999 ne ma'aikatar buga kuɗi ta Amurka ta soma fitar da kwandalar santi 25, wato rubu'in dala, ɗauke da tambarin jihohin ƙasar, biyar a kowace shekara, tun daga Delaware har zuwa Hawaii a 2008. Miliyoyin jama'a suka duƙufa wajen tara su, wasu da zaton wata rana za su zama dukiya. Sai dai kash, an buga fiye da biliyan 34, abin da ya cika kasuwa kuwa ba ya tsada. Galibin waɗanda suka bi hannun jama'a har yau santi 25 ɗin nan ne kuɗinsu.

Ƙaranci ne tushen daraja. Kwandalar da aka buga a San Francisco a 1932, shekarar cika 200 da haihuwar George Washington, guda 408,000 ce kacal, shi ya sa ake rububinta. Haka ma wasu na jihar Wisconsin da aka buga a Denver a 2004, waɗanda suka fito da ƙarin ganye a jikin zanen masara. Aibi ne, amma aibin da ya jawo kuɗi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin mai nazarin harshe shi ne yadda ake auna lafiyar kwandala. A 1949 William Sheldon ya fito da ma'auni daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama na nufin kwandalar ba ta taɓa shiga cinikayya ba. Matakin da suke kira "mai kyau" da Turanci kuwa lamba 4 ne, wato wadda zanenta ya kusa shafewa. Kalmar ta rabu da ma'anarta ta yau da kullum, kuma baƙo a harkar nan yake fara faɗawa rami.

Kamfanonin PCGS da NGC, waɗanda aka kafa a 1986 da 1987, su ne alƙalai: su duba, su ba da lamba, su rufe kwandalar cikin gidan roba. Tsakanin 67 da 68 akwai bambancin da ido ba ya gani sai da gilashi, amma farashi kan ninka sau da yawa. A ganina, a nan mai saye hukuncin kamfani yake biya wa fiye da ƙarfen. Sau da yawa ma ladan dubawar ya fi kuɗin kwandalar, in kuma mai ita ya goge ta don ta yi ƙyalli, sai a ƙi ba ta lamba gaba ɗaya.