Trovan da MenAfriVac: Gaggawa ko Tantancewa?

Duk shekara idan zafin bazara ya kankama a Rano da Kibiya, iyaye kan shiga fargabar sanƙarau. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe wuya ya ƙage, ko hasken rana ba ya son gani. Uwar da ta goyo shi daga wani ƙauyen Kibiya zuwa Babban Asibitin Rano ba ta da halin tambayar ko an gwada abin da za a yi wa ɗanta. Likita ya ce a yi, ta ce to. Shi ya sa dole wani ya yi tambayar a madadinta tun kafin maganin ya iso.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, amma kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Ita kanta takardar amincewa da gwajin da aka nuna, daga baya aka gano bayan an gama gwajin aka rubuta ta. A 2009 aka sasanta da Jihar Kano a kan dala miliyan 75.

Masu kare gaggawa suna da hujja: ana mutuwa, ina lokacin zaman kwamiti? Na fahimce su, amma ban yarda ba. Lokacin annoba ne talaka ya fi kasa cewa a'a. Kuma illar ba ta tsaya a kan yaran nan ba, domin sa'ad da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke ambatawa.

Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac kuwa ta bi doguwar hanya. An shafe shekaru ana gwada allurar a Indiya, Mali, Gambiya da Senegal, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, sannan Najeriya ta fara yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29 a 2011. Nau'in A na sanƙarau ya kusan ɓacewa. Ba ta rufe kowace ƙofa ba, tunda nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara a 2017, amma abin da aka ce za ta yi, ta yi.

Abin da ke damuna yanzu shi ne ƙananan asibitoci da masu tallar "sabuwar hanyar warkarwa" a rediyo. Kwalba tana da lambar NAFDAC da za a duba, amma sabon salon tiyata ko wata na'ura da aka shigo da ita jiya, majinyaci ba ya ganin komai a jikinsu. A nan ya kamata hukumar PHIMA mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu a Kano ta riƙa leƙowa har Rano da Kibiya, ta nemi ganin takardar izini kafin a kwantar da mutum na farko.