Ƙasar Tsakuwa ta Adar: Matacciya Ce ko Makiyaya?

Wani mai sauraro, mutumin Tawa da ke zaune a unguwar Lozells ta birnin Birmingham a Ingila, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ya sauka ƙasar Turawa bai ga inda ƙasa ta zauna tsirara ba, ko gefen hanyar jirgi ne sai ciyawa ta lulluɓe shi, alhali kuwa a can gida mutum yakan yini yana tafiya bisa tudu ba ya taka kome sai baƙar tsakuwa. Shin wace irin ƙasa ce wannan, yaya masana suke kiranta, kuma gaskiya ne matacciya ce?

Wurin da yake nufi shi ne Adar Dutsi, a jihar Tawa ta Jumhuriyar Nijar, watau ƙasar Keita da Buza da Illela. Tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, kwaruruka irin su Majiya sun ratsa tsakaninsu. A ƙarƙashin tuddan akwai farar ƙasa da laka waɗanda wani teku ya bari yau shekara wajen miliyan 60, kuma irin wannan farar ƙasa ce ake toya siminti da ita a Malbaza da kuma Kalambaina ta Sakkwato. A bisa kuwa akwai murfi na dutse mai ƙarfe, ja ko baƙi, wanda zafi da sanyi suka yi ta farfasawa har ya zama tsakuwa. Ruwan da Tawa take samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. Na Birmingham ya yi kamar ninki biyu, amma ba yawan ne kaɗai bambancin ba. A Ingila yayyafi ake yi a kowane wata, a Adar kuwa kusan dukan ruwan shekara yana zuba ne cikin wata uku, kamar da bakin ƙwarya.

Halin wannan ƙasa na farko shi ne rashin zurfi. Idan aka sa fartanya, kafin a haƙa taki ɗaya an ci karo da fa. Abin da ke tsakanin ma galibinsa duwatsu ne, garin ƙasar da saiwa za ta kama kaɗan ne ainun, kuma ba shi da taki, domin babu isasshen ganye da zai ruɓe a ciki. Ƙasa kuwa ita ce randar tsiro. In randa ƙarama ce, ko an cika ta, kwana kaɗan ta ƙafe.

Hali na biyu ya fi wannan tsanani, shi ne ɓawo. Ɗigon ruwan sama mai ƙarfi yana dukan ƙasa tsirara, ya wargaza ta, laka ta toshe ƙananan ƙofofin da ruwa zai bi. Rana ta fito, wurin ya bushe ya yi tauri kamar daɓe. Shi ne Bahaushe yake kira faƙo. Kaurin ɓawon bai fi na farce ba sau da yawa, amma ya isa ya kori mafi yawan ruwan da ya sauka, ya gangara kwari yana yanka kwazazzabai. Saboda haka ana iya yin damina mai albarka, a haƙa faƙo washegarin ruwa, a tarar cikinsa a bushe.

Game da tsakuwar kanta, mutane da yawa sun ɗauka ita ce cutar. Bincike ya nuna ba haka abin yake ba koyaushe. Wasu masanan Faransa biyu, Casenave da Valentin, sun wallafa littafi a 1989 a kan fuskar ƙasa a yankin Sahel, kuma aikinsu da na wasu irinsu ya bambanta dutse iri biyu. Akwai dutsen da ya kafe cikin ɓawo, ya zama ɗaya da shi. Wannan yana ƙara gudun ruwa. Akwai kuma wanda yake zaune sako-sako bisa ƙasa. Wannan garkuwa ne. Yana tare dukan ruwa, yana rage wa iska ƙarfi, yana riƙe laima a ƙarƙashinsa, kuma a gindinsa ne irin ciyawa yake maƙalewa ya tsira. Duk yaron da ya taɓa ɗaga dutse da hantsi ya ga danshi da ƙwari a ƙarƙashi ya riga ya san wannan. To, wanda ya share tsakuwa ya loda wa mota don gini, ya sani riga ce ya tuɓe wa ƙasa.

Idan aka nausa arewa, wajen Agadas da bayanta, irin wannan shimfiɗa ta tsakuwa ita ce mafi yawan hamada. Rairayin da ake gani a hotuna bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na Sahara ba. Larabawa suna kiran filin tsakuwa reg, tudun fa kuma hamada, kalmar da Hausa ta ara ta sa wa sahara duka. An daɗe ana cewa iska ce ta kwashe gari ta bar duwatsu, kuma hakan yana faruwa. Amma a 1987 wasu masana a Amurka, da suka yi aiki a hamadar Mojabe, suka nuna wata hanya dabam: ƙura ce take sauka, ta kutsa tsakanin duwatsu, ta taru a ƙarƙashinsu shekara dubbai, ta ɗaga su sama a hankali. Baƙin sheƙin da ke jikin duwatsun kuwa ba ƙuna ba ce, wani shafi ne na laka da tsatsar ƙarfe da manganis, mai jinkirin samuwa ƙwarai.

Sai batun suna. Manomi Bahaushe yana da nasa rabe-raben tun kaka da kakanni: jigawa mai yashi da sauƙin noma, fadama mai laka da laima, geza mai tauri kamar yadda ake cewa a ƙasar Maraɗi, sai faƙo, da tsakuwa, da marmara. Ma'auninsa shi ne abin da ƙasa za ta yi wa hauya da gero. Masana kuwa rami suke haƙawa su auna. Faransawan da suka zana taswirar ƙasar kudancin Nijar a shekarun 1960 sun sa kan tuddan nan cikin ajin ɗanyar ƙasa, watau wadda ba ta gama rabuwa da dutsen da ya haife ta ba. Daga 1971 zuwa 1981 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da UNESCO, suka fitar da taswirar ƙasar duniya duka, inda aka kira duk ƙasar da fa yake cikin santimita 10 daga samanta da suna litosol, watau ƙasar dutse. A 1988 aka sake fasali, aka kawo sunan leftosol, daga kalmar Girkanci mai ma'anar siriri. A tsarin da ake bi yanzu, ƙasa tana shiga wannan aji idan an tarar da fa cikin santimita 25, ko kuwa idan garin ƙasa bai kai kashi 20 cikin 100 ba har zurfin santimita 75. Babu ajin da ya kai shi faɗi a duniya, ya zarce hekta miliyan 1,600. Inda marmara ce ta daskare ta zama fa, sai a ce filintosol.

Sai dai taswira tana da iyaka. A waccan ta duniya, santimita ɗaya yana daidai da kilomita 50. Ƙaramin lungun da ruwa yake kwantawa bisa tudu, inda geza da anza da jiga da dashi suka yi cincirindo, ba zai taɓa fitowa a cikinta ba. Makiyayi kuwa da waɗannan lungunan yake rayuwa. Ruwan da faƙo ya ƙi sha bai ɓace ba, yana taruwa a ɗan gangare, tsiron wurin ya sami rabon fili biyu ko uku. Raƙumi da akuya suna cin ganyen jiga da anza har cikin bazara, kuma a shekarun yunwa irin su 1973 da 1984 mutane ma sun rayu da 'ya'yan anza, watau dilo, bayan an jiƙa su kwanaki ɗacin ya fita.

Amfanin tuddan ya fi bayyana da damina. Da zarar an yi shuka, kwaruruka da jigayi sun zama gonaki, dabba ba ta da wurin sa ƙafa. Sai Fulani da Buzaye da makiyayan gari su hau tudu, inda babu taɓo, babu yawan cizon ƙwari, babu kuma ɓarna da za ta kai mutum gaban alƙali. Ashe ƙasar da aka ce matacciya ita ce take raba faɗa.

A nan ne suna ya zama magana mai nauyi. A shekarar farin 1984 aka fara babban aikin raya ƙasa a Keita, da kuɗin Italiya da jagorancin Hukumar Abinci da Aikin Gona. Aka ja kunyoyi bisa tuddai da tarakta, aka lulluɓe su da duwatsu, aka haƙa ramuka a jikin gangare, mafi yawan masu aikin mata ne, ana biyansu da abinci. An farfaɗo da hekta fiye da 30,000, an dasa itatuwa miliyoyi. A Illela ta Nijar kuma, wasu manoma sun je Yatenga a Burkina Faso a 1989, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a faƙo, a zuba taki, a shuka a ciki. Suka komo suka gyara tasu tsohuwar dabara ta tassa. Shekarar 1990 ruwa ya yi ƙaranci, amma ramukan suka ba da gero. Ba a daɗe ba faƙon da a da ko kyauta ba a so ya sami masu saye.

Wannan nasara ce ta gaske, kuma iyalai da yawa sun ci daga gare ta. Amma kowace hekta ta tudu da ta koma gona ta fita daga hannun makiyayi, wanda ba shi da takarda, sai dai shaidar cewa ubansa da kakansa a nan suke yin damina. Dokar Nijar ta 1961 ta shata iyakar noma daga arewa, dokar ƙasar karkara ta 1993 da ta kiwo ta 2010 kuma sun amince da haƙƙin makiyayi na yawo da dabbobinsa. Amma yawancin Adar yana kudu da waccan iyaka, cikin ƙasar noma. A can, makomar tudu tana hannun kwamitocin filaye na garuruwa: ko su rubuta shi cikin littafi a matsayin makiyaya, su kafa masa alamu da burtali, ko kuwa su bar shi da sunan faƙo, wanda duk mai diga da jaki yake iya cewa ya raya.