Ƙanƙarar Turai da Jigayin Haɗejiya

Tun ranar 28 ga Mayun 2025, da tarin ƙanƙara ya ɓallo daga kan dutse ya binne ƙauyen Blatten a Suwizalan, bidiyon abin ya yi ta yawo a wayoyin mutane. A teburin wani mai shayi a Haɗejiya na ji wani dattijo yana rantsuwa cewa narkewar wannan ƙanƙara ce ke turo mana ambaliya duk damina. Ba wanda ya musa masa, har da masu digiri a wurin.

Kogin ƙanƙara irin wanda ya ɓallo a Blatten dai dusa ce da ta taru shekara da shekaru a kan tsaunuka masu sanyi, ta danne kanta ta zama kamar dutse, sannan ta riƙa gangarowa a hankali. Tana tafe tana kankare duwatsu, ta bar kwari mai faɗin gindi kamar akushi da tsinin tsaunuka kamar ƙaho. Ko ɗigo ɗaya nata ba ya shiga Kogin Haɗejiya. Ruwanmu na sama ne, wanda kogunan Kano da Challawa ke kwasowa.

Amma akwai zumunci tsakaninmu da ƙanƙarar, wanda ba a koyar da shi a makarantunmu, abin takaici. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ta lulluɓe arewacin Turai da Amurka, damina ta yi rauni a nan, Sahara ta matso kudu da ɗaruruwan kilomita. Iska ta riƙa tara yashi layi-layi, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, hanyar da iskar hunturu ke bi har yau. Waɗannan layuka su ne jigayin da manomi ke shuka gero a kansu, jar ƙasa mai laushi da ƙafa ke nutsewa a cikinta; sunan jiharmu ma daga nan ya fito. Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu tun 1958. Da ruwa ya dawo, har Tafkin Cadi ya zama kamar teku (kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara kusan 8,000, na wancan zamani ne), sai kogi ya tarar da tuddan yashi sun tare masa hanya. Dole ya rarrabu yana lalube a tsakaninsu. Abin da ya haifi fadamun Baturiya da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru ke nan: tudu nan, fadama can, kamar an yi kunya da garma.

Kakanninmu sun karanci wannan ƙasa ba tare da Grove ba. Gida a tudu, shinkafa da kamun kifi a fadama. Mu kuma bayan an datse Tiga a 1974 da Challawa a 1992, ambaliyar shekara ta ragu, muka ɗauka fadama ta zama fili, aka yanka filaye aka yi gini. Ruwan da ke kwance rani da damina ya ba ciyawar kacalla wurin yaɗuwa, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi ya cike sauran. Sai ga ambaliyar 2020 da 2022, ruwa ya koma inda ya sani.

Saboda haka a bar ƙanƙarar Suwizalan ta huta. Hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are da gwamnatin Jigawa su yashe kogi, su cire kacalla tun da rani, masu unguwanni kuma su daina sa hannu a takardar fili a cikin fadama.