Ba Kowane Ƙarin Hanta Ne Ajali Ba

Na gaji da jin wannan magana a Gagarawa da ƙauyukanta: wai an yi wa wance hoton ciki a Gumel, an ga ƙari a hantarta, yau ko gobe zai fashe. Kafin ta sauka daga mota labari ya riga ta gida, har an fara shigowa jaje. A hana ta daka, a hana ta ɗaukar tulu, ko tari za ta yi sai ta dafe ciki.

Sau da yawa abin da aka gani shi ne wanda likitoci ke kira hemanjiyoma, wato ƙananan jijiyoyin jini da suka cure wuri guda. Ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya koma daji. An fi samunsa ga mata 'yan shekara 30 zuwa 50, kuma galibi bai kai santimita 5 ba. Mutum kan tsufa da abinsa bai sani ba.

To wa ya ce zai fashe? Fashewarsa haka kawai abu ne da likita kan gama aikinsa bai taɓa gani ba. Inda ake sa ido shi ne babba ƙwarai, mai santimita 10 ko fiye, musamman in ya zauna a gefen hanta kuma aka samu mummunan bugu, kamar hatsarin babur ko tunkuyin sa. Taɓarya ba ta fasa shi. Tsoron da muke ɗura wa baiwar Allah ya fi ƙarin cutar da ita.

Abin haushin ma, daga nan sai wajen wanzami a yi tsaga ko sakiya, ko a sayo jiƙo wajen masu lasifika ranar Alhamis a kasuwar Maigatari. Tsagar fata ina ta isa hanta? Jiƙon da ba a san haɗinsa ba kuwa, hantar ce dai za ta sha wahalarsa.

A kai wa likita takardar hoton. In yana shakka zai tura a yi CT ko MRI, ko da a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne. A gwada jini don ciwon hanta nau'in B, domin shi ne ya fi jawo dajin hanta a ƙasar nan. Mai juna biyu ta faɗa wajen awo, mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ta sanar da likita.

In kuwa ciwo mai tsanani ya taso farat ɗaya a ƙasan haƙarƙarin dama, da jiri da zufa mai sanyi, kada a jira gari ya waye. A nemi mota a tafi asibiti.