Yaushe rabon da ka zauna kai kaɗai ba waya a hannu?

Ka tuna yammacin Litinin, 4 ga Oktoba 2021? Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cak na kusan awa shida. Wasu suka yi ta kashe data suna kunnawa, wasu suka ɗora wa kamfanin layi laifi. Gaskiyar magana, an bar mu ne da kanmu, mu kuma ba mu saba ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsalar ba. A 2014, masu bincike a Jami'ar Virginia da ke Amurka sun sa mutane sun zauna a ɗaki su kaɗai na minti 15, ba waya ba littafi, sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ɗan ja ka. Maza 12 cikin 18 da mata 6 cikin 24 suka danna. Wato gara wuta ta ja su da su zauna shiru da tunaninsu!

A wajenmu abin ya fi wuya. In ka shige ɗaki ka turo ƙofa, Umma za ta leƙo: "Lafiya kuwa?" In ka yi kwana biyu ba ka je majalisa ba, a ce miskili ne ko yana ji da kansa. A ɗakin kwanan ɗalibai kuwa, ko numfashi ka ja sai wani ya ji. Ɗan lokacin da ya rage, TikTok ya cinye.

Alhali keɓewa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Manzon Allah (SAW) yakan keɓe a Kogon Hira kafin saukar wahayi, kuma duk goman ƙarshe na Ramadan masallatanmu na cika da masu i'itikafi. A 1095, Imam Gazali ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza yana tsakiyar tashe, ya yi kusan shekara goma a keɓe. A wannan tsakanin ya rubuta Ihya'u Ulumiddin.

Ka san ruwan da aka ɗebo da laka, sai an bar shi a tulu kafin ya kwanta. Haka zuciya take. In kullum ana zuba mata hoton bikin wance da sabuwar motar wane, yaushe za ka gane me kake so, me kuma kake yi don kawai a gani? Kwas ɗin da kake karantawa, zaɓinka ne? Fushin da kake yi da abokinka, me ya jawo shi? Irin waɗannan tambayoyin ba a amsa su a cikin guruf.

Sai dai ka bambance keɓewa da kaɗaici. Keɓewa kai ka zaɓa, kuma za ka fito da sauƙin rai. Amma in ka yi mako biyu ko fiye kana gudun mutane, barci da cin abinci sun rikice, abin da kake so a da ya fita daga ranka, to wannan na iya zama ciwon damuwa. Kar ka yi shiru. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka ga likita.

Ba sai ka shiga daji ba. Gobe bayan sallar Asuba, bar wayar a caji ka ba kanka minti 15. Ko ka zauna a tsakar gida da biro da takarda, ko ka taka a ƙafa ba komai a kunne. Ke ma 'yar uwa, kafin aikin gida ya taso.

Kwanakin farko ba daɗi, ban ɓoye maka ba. Bashin da ake bin ka zai faɗo maka, da jarrabawar da ka faɗi, da saƙon da aka karanta aka ƙi amsawa. Hannunka zai yi ta laluben waya. Ka daure, dama can suna nan, hayaniya ce ta rufe su. Ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanda za ka iya gyarawa a wannan makon.