Motar Da Aka Yi Wa Sauyi: Kafin Bakanike Ya Ɗora Mata Hannu

Yawancin motocin da ke kan titunanmu sun sha hannu kafin su iso gare mu, ko 'yan Kwatano ne ko waɗanda aka yi ta yawo da su a cikin gida, kuma da wuya a sami wadda ba a cire mata wani abu ko an ƙara mata wani ba. Sauyin kansa ba shi ne babbar matsala ba, rashin saninsa ne. Bakanike yana neman ciwo ne bisa tsarin da kamfani ya ƙera motar a kai. Idan an canza tsarin ba a gaya masa ba, sai ya shiga lalube, yau a sayo fulogi, gobe famfon mai, duk a aljihun mai mota.

Mu ɗauki tamostat, ɗan ƙarfen nan da ke tare ruwan lagireto har sai injin ya ɗumama. Makanikai da yawa, da zarar mota ta sauka, sukan fizge shi su haɗa fanka kai tsaye, da hujjar cewa don sanyin Turai aka yi shi. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga wanda ya san zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu. Amma motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da tamostat ɗinsu suke zuwa. An tsara injin ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, kuma idan ya kasa kaiwa nan, kamar da safiyar hunturu, kwamfutar motar takan ɗauka bai gama ɗumama ba, ta ci gaba da tura fetur fiye da kima. Shan mai ya ƙaru, baƙin mai ya tsinke, injin ya riƙa cinyewa a hankali. Abin da ke sa mota zafi kuwa galibi lagireto ne da ruwan rijiya ya toshe, ko famfon ruwa da ya gaji, ko murfin da ya saki. Cire tamostat ba ya gyara ko ɗaya daga ciki.

Haka batun abin da makanikai ke kira indomi, matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Ana farautarta ne saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam. Tun 1996 motocin kasuwar Amurka ke da na'urar da ke lura da aikinta, don haka idan aka cire ta fitilar gargaɗin injin takan kama ta ƙi mutuwa. Wasu dillalan sai su kashe ƙwan fitilar ɗungurungum. Wanda ya sayi irin wannan mota ba zai sami wani gargaɗi ba ranar da ciwo na gaske ya taso.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi ya kai ga rai shi ne juya mota zuwa iskar gas ta CNG, wanda ya yaɗu bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin iska na wajen bar 200, ninki fiye da goma na abin da ke cikin tukunyar gas ɗin girki, shi ya sa ba a haɗa ta da walda a bakin titi. A watan Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka jikkata, hukumomi kuma suka ce tukunyar haɗin walda ce da ba a amince da ita ba. Yanzu motocin da aka juya zuwa CNG sun fara shiga kasuwar na hannu. Tukunyar kirki tana ɗauke da lambarta da shekarar da wa'adinta zai ƙare, kuma bai kamata mai wayarin ko mai walda ya taɓa motar ba tare da an rufe gas ɗin ba. Motar da aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu ma tana da nata haɗarin, don aikin ya ratsa bututun birki da wayoyi.

Za a ce masu na'urar binciken mota tsada gare su, bakaniken unguwa kuma ya fi kowa sanin motar. Ba a raina gwanintarsa ba, sau da yawa kunnensa kaɗai ya isa. Sai dai kunne ba ya jin wayar da wani ya yanke shekara uku da suka wuce, kuma kuɗin bincike ɗaya bai kai rabin kuɗin gaskit da gyaran kan injin ba.

Saboda haka mai saye ya tambayi abin da aka sauya, ya kai motar a duba kafin ya biya, ya ajiye ɗan littafi a cikinta yana rubuta duk abin da aka cire ko aka ƙara da sunan garejin. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi aibin abin da yake sayarwa, domin iyalan wani ne za su shiga motar nan.